Shafin da Rifkatu Ta Ƙi Karantawa

Naja'atu ce ke riƙe da biro, ni ke magana. Tun kafin ta buɗe takardar na gargaɗe ta: abin da ya fito daga bakina shi za ta sa, ko da ya yi mata ɗaci, kada ta gyara mini komai. Ta yi dariya, don ta san inda gargaɗin ya samo asali.

Sunana Asiya. Iyayena masu shanu ne a wajen Madadi, aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Masanawa, a ƙasar Kabo. Ban taɓa shiga aji ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma ba labarina zan bayar ba, na Rifkatu ne.

Rifkatu Bahaushiya ce, Kirista. Na haɗa su ne da gangan, don yaran yanzu in suka ji haka sai su tsaya suna ƙifta ido kamar an ce musu an ga akuya da takalmi. Unguwarsu tana hayin rafi, gidajen ba su fi goma sha biyu ba, da ɗan cocinsu na laka mai rufin kwano, da wani guntun ƙarfen mota da suke bugawa ranar Lahadi. Kakanninta sun riga kakannin Malam, wato mijina, zama a ƙasar nan. Gajeriya ce, baƙa, mai wushirya. Tana tafiya kamar wadda ta bar tukunya a wuta, amma in ta yi magana sai ka matso kafin ka ji. Na girme ta da shekara biyu ko uku, saboda haka Yaya take ce mini. Karatu kuwa da goyo a bayanta ta koye shi, a ajin manya da ake yi musu a cocin.

Mun shaƙu ne a shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sai ka ce da can a buɗe muka bar shi. Sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin gado, sukari sai a gidan suna. Mijin Rifkatu ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, sai ta kama yin man gyaɗa da ƙuliƙuli tana kaiwa Gwarzo. Mu kuma in wasiƙa ta zo daga 'ya'yanmu da ke birni, ita muke aika wa, don ba kowace magana mace ke son namiji ya karanta mata ba.

Wata rana ta zo karanta wa maƙwabciyata wasiƙa a tsakar gidana, sai na hangi wani ɗan littafi a cikin kwanonta, duk ya sha mai.

Na ce, "Wannan kuma na addininku ne? In shi ne, rufe shi."

Ta ce, "A'a, Yaya. Wannan na ƙarya ne. Wani ne ya zauna ya shirya. A tasha na aro shi."

"To karanta mu ji ƙaryar."

Ta ce gyaɗa na jiranta a gida ba a ɓare ba. Na ce ta kawo gyaɗar, hannuwa muna da su, idon ne ba mu da shi. Haka abin ya fara, haka kuma ya zauna shekara da shekaru. Kowace Talata da Asabar bayan azahar za ta sauke buhu a gindin darbejiyar gidana, mata su kewaye shi da faifai, mu ɓare, ita ta karanta. Ba a biyanta, ba ta biyanmu. Da an kira la'asar ita ke fara rufe littafin, ta sa tsinke a wurin, ta janye tabarmarta gefe. In aka kawo abinci sai ta sunkuyar da kai ta rufe ido tukuna, ni kuma in ce a bar ta, tsakuwa take dubawa a tuwon. Ba ta taɓa ce mana mu zo mu ga nata ba, mu ma ba mu taɓa ce mata ta zo ta ga namu ba. Kowa ya san inda ɗan'uwansa ya dosa.

Karatun Rifkatu ba irin na Naja'atu ba ne, da ke gudu kamar ana binta. Ki rubuta, na ce. Rifkatu da yatsa take bin layi, a hankali, ta ba kowa muryarsa. In mugu ya yi magana sai ta tsaya ta ba mu fili mu zage shi son ranmu, sannan ta ci gaba. Ta taɓa gaya mini ana kawo musu majigi coci, a haska a jikin zanen gado, amma ita bai shiga ranta ba. Ta ce majigi shi ke zaɓar maka fuska, kuma ba ya jira ka share hawaye. Littafi kuwa kana iya kife shi a cinya har ka huce.

Yanzu sai maganar Jalo. Ɗana ne na uku, shi ya sa kuka ji na kama sunan. Yana aiki a wata masaƙa a Kano, aka sallame su rana ɗaya su da yawa. Ya dawo gida ya zauna wata shida, ba noma, ba kiwo, sai kallon rufin ɗaki. Ina da wata saniya fara mai karyayyen ƙaho, jikar wadda uwata ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan. Duk abin da ya rage mini na gidanmu ke nan. Wata ranar kasuwa Jalo ya kwance ta, ya ce zai kai ta allura. Da shi da ita ban ƙara ganin kowa ba. Bayan kwana uku aka ce an gan shi a motar kudu.

A wurinmu akwai zagi, akwai kuma abin da ya wuce zagi. In uwa ta kai maƙura, takan tsaya ta kwance zani ta ɗaga wa ɗa nonon da ya sha, ta tsine masa. Wanda aka yi wa haka ba ya ƙara ganin daidai, kuma ba a janyewa. A gaban matan ɓarar gyaɗa na rantse: na ba shi Juma'a biyu. In ta biyun ta zo bai dawo ba, da an sauko daga masallaci zan fuskanci kudu in yi masa. Malam ya roƙe ni har ya gaji. Mata suka yi ta ba ni baki, na kore su ɗaya bayan ɗaya. Ban da Rifkatu. Ta gyara zama ta buɗe littafi.

A lokacin muna tsakiyar wani da muke kira littafin Uwaliya, don sunan uwar da ke ciki ke nan. Ɗanta Mahbub ya sayar da gidan da ubansa ya bar musu, ya bar ta a rumfar maƙwabta. Kun ga ai abin ya zo mini daidai. Duk zagin da zan yi wa Jalo, Mahbub nake dannawa. Ranar Talatar ƙarshe, saura kwana uku Juma'ata, muka zo ƙarshen littafin.

Rifkatu ta karanta cewa Uwaliya ta fito tsakar rana, jama'a na kallo, ta tsaya gaban Mahbub ta sa hannu a ƙullin zaninta. Hannuwanmu duk suka tsaya a kan gyaɗa. Na ce, "Yauwa! Yi masa!"

Sai Rifkatu ta yi ƙasa da murya. Ta ce hannun Uwaliya na kan ƙullin sai ta tuna shekarar ƙyanda, yaron yana wata takwas, bakinsa duk ya yi gyambo, ya ƙi kama mama har kwana uku. Ta tuna yadda ta zauna da shi a cinya tana tatsa a cokali, tana roƙonsa kamar babban mutum. Da ya kama a rana ta huɗu, ta yi guɗa ita kaɗai a ɗaki. Sai Uwaliya ta ce a ranta, abin da na yi kwana uku ina roƙonsa ya kama, shi zan ɗaga masa yau? Ta ƙara tamke zanin. Ta ce, "Je ka, Allah ya shirye ka." Ta koma ta zuba gero a turmi, ta yi ta daka har taɓarya ta tsage.

Can na ce, "Ya dawo mata?"

Rifkatu ta ce, "Littafin bai faɗa ba, Yaya."

Abin da ya kama ni shi ne, Jalo ma ya yi ƙyanda yana wata takwas, kuma da cokali na raya shi. Na ce lallai mai littafin nan ya san uwa. Na lura da wani abu ranar, amma ban ba shi muhimmanci ba: yatsan Rifkatu bai motsa daga wuri ɗaya ba tun da Uwaliya ta kama ƙullin zani.

Juma'a ta zo, aka sauko daga masallaci, mata na leƙe ta katanga. Na fito na fuskanci kudu. Na daɗe a tsaye. Sai na jawo turmi. Taɓaryata ba ta tsage ba, hannuna ne ya yi ƙanta.

Bayan shekara huɗu wasiƙar Jalo ta fara zuwa, Rifkatu ke karanta mini. Bayan shida ya dawo, a rame, da mata da ɗa, da sana'ar gyaran inji a hannunsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina tun hantsi har azahar kafin na ce ya shigo. Har yau in ya zo gaishe ni sai na tambaye shi ko an gama yi wa saniyata allurar.

Aka kwana biyu, Malam ya rasu, muka fara tsufa. Sai ga shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Mu a nan murna muka yi, ba zan ɓoye ba. Mutanen hayin rafi kuwa tsoro ya kama su, don ana ta jin labarai marasa daɗi daga wasu garuruwa. A wurinmu ko kaza ba a taɓa ba, amma gaisuwa ta gajarce. Wanda da zai tsaya ya tambayi gida da gona da mai jiki, yanzu sai ya ɗaga hannu ya wuce. Rifkatu dai ba ta fasa zuwa ba, sai ta ƙara girman mayafi.

A shekarar ne Lukuman, ɗan ƙanen Malam, ya auro Naja'atu daga Gwarzo, da talabijin da bidiyo a cikin kayan ɗakinta. Shi kuma ya sayo ɗan janareta. Ɗakin amarya ya zama kasuwa. Wata rana aka ce an samo kaset ɗin da aka yi da littafin Uwaliya. Na aika wa Rifkatu ta zo mu gani tare. Ta aiko cewa kanta na ciwo.

Ni na zauna gaba, bakina bai rufu ba. Uwaliyar da suka sa yarinya ce ƙarama, an barbaɗa mata hoda a gira wai ta tsufa. Na ce wannan ko rainon kaza ba ta taɓa yi ba. Duk abin da zai faru ni ke riga faɗa, yara na cewa Inna ki bari mu gani. Da aka zo ƙarshe na ce, "To ku shirya mayafanku, yanzu za ta tuna ƙyanda."

Ba ta tuna komai ba. Ta dafe ƙirji ta zazzaga masa tsinuwa tun daga kansa har zuriyarsa. Sai aka nuno Mahbub a kan bola, da tsumma, yana tsintar leda yana dariya. Kiɗa ya tashi, rubutu ya hau.

Na miƙe na fara wanke masu fim ɗin tas. Na ce ɓarayin labari, marasa uwa, sun ɗauki abu mai kyau sun tsoma a kwata. Naja'atu, amarya ce lokacin, kunyata take ji, ta ce a hankali, "Inna, ai haka yake a littafin. Na karanta."

Na ce, "Ke rufe mini baki. Kina tsumman goyo aka karanta mini shi."

Ta buɗe akwati ta ɗauko nata, ta karanta shafin ƙarshe a gaban kowa. Ba ƙyanda, ba cokali, ba turmi. A nan na tuna yatsan da bai motsa ba. Na kuma tuna cewa ni da bakina na ba Rifkatu labarin ƙyandar Jalo, wata rana muna ɓara, tun kafin ya san hanyar Kano.

Kunya ce ta fara kama ni, ga yara na danne dariya. Bayan kunya sai tsoro: in ta sauya littafi, wasiƙun fa? Ko ban haƙurin da na yi ta kuka a kansa ma nata ne, ba na Jalo ba? Da tsoro da kunyar suka haɗu, sai suka fito ta inda suka saba fita. Washegari a gidan suna na ce, "Shekara goma sha biyu matar nan tana zuba mana abin da ta ga dama a kunne, mu kuma muna ɓare mata gyaɗa."

Ni labari nake nufi. Amma a wannan shekarar magana ba ta komawa gida yadda ta fita. Kafin kwana biyu ta zama wai Rifkatu addininta take ɗura wa matan aure a cikin littattafai. Lukuman yaron kirki ne, sai dai lokacin jininsa na tafasa, ya ɗauki maganar ya kai dakalin ƙofar masallaci. Maza suka koma gida kowa ya ja wa matarsa kunne.

Ranar Talata ta zo da buhunta kamar kullum. Ina ɗaki na ji sallamarta. Ta yi ta farko, ta yi ta biyu. Ta ɗan jira ta yi ta uku. Ina zaune a bakin gado ban amsa ba. Na ji ta ɗora buhun a ka, na ji takunta har ya ɓace. Duk abin da na yi da bakina a duniya, wannan shirun ya fi shi muni.

Ba gidan da ya karɓe ta. Masu sayen manta suka koma wani wuri. Mutanen unguwarsu suka ce to ga shi an fara. Babban ɗanta da ke aiki a Zariya ya aiko ta tattara ta koma wurinsa. Bayan sati uku na ji ta sayar da awakinta, har da babban kaskon suyar ƙuliƙuli, mota za ta zo ranar Asabar.

Ranar Alhamis na ɗauko wasiƙun Jalo daga cikin kwanon da nake ajiye su, na kira Naja'atu na ce ta karanta. Na haddace su, don kowace sai da aka maimaita mini. Ko kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Har wurin da ya ce da Inna ta rage faɗa da ya daɗe da dawowa, yana nan, kuma haka Rifkatu ta karanta mini shi a lokacin, na zage ta kamar ita ta rubuta.

Na ɗauki mayafina. Duk shekarun nan da muka yi tare, ranar na fara tsallaka rafin nan. Ba wanda ya taɓa hana ni. Haka dai muka taso, su ke zuwa.

Na same ta tana ɗaure tukwane da tsumma. Ta ɗago ta gan ni, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a sabon kofi, ta jera mini gaisuwa har da ta jikoki, kamar jiya muka rabu. Na ce ta bar gaisuwar.

"Ƙarya kika yi mini."

"Na yi, Yaya."

Na zo da shirin musu, sai ta bar ni da kayan faɗa a hannu. Na ce, "Don ba ni da ido, shi ne kika mai da ni abin wasa?"

Ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Wasiƙa amana ce, ban taɓa taɓa ta ba. Littafin kuwa tun ranar farko na gaya miki na ƙarya ne. Mutum ne ya shirya, na ce ni ma mutum ce. Da wannan na yi ta lallashin kaina. Amma kin tambaye ni ko ya dawo, na ce littafin bai faɗa ba, alhali ya faɗa. Tun ranar nake roƙon gafarar Ubangiji a kai. Ke ce na kasa roƙa."

"To me ya kai ki?"

"Na leƙa shafin tun a gida. Na ga abin da ke ciki, na ga saura kwana uku. Mu an hana mu la'anta, Yaya, ko wanda ya cuce mu. Na ce ai ta takarda ce. Sai na ga ko ta takarda ce, ta bakina za ta fito, a tsakar gidanki, kina zaune da taki a kan harshe. Sai in zama ni na riƙe miki fitila."

Ta murza bakin zani, sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce lokacin da babanta ya bar tsafin gidansu ya shiga coci, kakarta ta ɗaga masa nono a gaban dangi. Bai haukace ba, ya yi noma ya tara iyali. Tsohuwar ce ta lalace. In ta dafa abu mai daɗi sai ta zuba a akushi ta rufe, ta rasa wanda za ta aika wa. Rifkatu na yarinya ake tura ta kwana wurinta. Ta ce har ta mutu tana tambaya ko akwai yadda ake mayar da magana ciki.

"Ba Jalo na ji wa tsoro ba," in ji ta. "Ke na ji wa."

Ni dai har gobe na yarda da bakina ya fita, da Jalo yana bola. Ita ba ta yarda da haka ba. Ba mu taɓa daidaitawa a kan wannan ba. Amma ranar ban yi musu ba. Na ce, "Ina gyaɗar?"

"Wace gyaɗa?"

"Wadda kika koma da ita."

Tana nan a zaure ba a ɓare ba. Na ce ta ɗora mini. Ta ce wuyana ba zai ɗauka ba. Na ce wuyan da ya ɗauki wannan kan shekara sittin, buhu ne zai gagare shi? Muka rage rabi, na ɗauka, tana biye da ni.

Ban bi ta bayan gari ba. Ta gaban dakalin na bi, maza na zaune. Lukuman ya taso da sauri zai karɓi kayan, sai ya ga wadda ke bayana, hannunsa ya tsaya a sama.

"Inna, ke da kanki kika ce tana sauya magana."

"Na ce. Ka tambaye ni abin da ta sauya?"

Ban jira amsarsa ba.

"Tsinuwa ta cire, ta sa Allah ya shirye ka. Kai da ka yi karatu, gaya wa dattawan nan, wanne ne ba namu ba a ciki?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Amma dai ƙarya ce, Inna."

"Ƙarya ce, ta kuma amsa, ni aka yi wa, ni na yafe. Kai ba ƙaryar ka sayo wa matarka ba, har da janareta? In ya lalace wa ke gyara maka? Ba Jalo ba? Da an karanta mini gaskiyar, da sai ka bi shi bola da sukundireba."

Wani tsoho ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Na ce musu maganar daga bakina ta fita a karkace, ga shi na zo na miƙe ta, wanda ya kai wa matarsa ta farkon ya kai mata wannan. Lukuman ya karɓi buhun, shi ya kai shi har gindin darbejiya. Da ya sauke ya ce, "Sannu da zuwa, Baba Rifkatu," yana kallon ƙasa.

Ranar Asabar mota ta zo ta koma da ɗan Rifkatu shi kaɗai. Ba duka matan suka dawo ba. Wasu mazan ba su janye ba har abada, kuma kaskon nan bai dawo ba, sai ƙarami ta saya. Amma mun ci gaba, da sharaɗi ɗaya da ita ta kafa wa kanta: in ta zo wurin da bakinta ba zai ɗauka ba, sai ta ce, "Nan ba zan karanta ba," ta miƙa wa Naja'atu. Naja'atu ta karanta na takarda a guje. Sai mu ce, "To mun ji. Rifkatu, ba mu naki." Sau da yawa nata ya fi. Wani lokaci kuwa nakan gaya mata ta cika sassauci, wannan mugun ya kamata a bari mota ta taka shi.

Daga baya ciwon yanar ido ya rufe mata idanu. Aka yi aiki a ɗaya bai yi ba. Ƙafar da ke tafiya kamar an bar tukunya a wuta ta koma lalube. Sai ya zama ni ke tsallaka rafi, Talata da Asabar. In na kalli fim a ɗakin Naja'atu sai in ɗauke shi a ka in kai mata. Ita ke ɓarar gyaɗa yanzu, don wannan ba ya son ido, ni ke ba da labari. Ta ce haka ya fi mata, ta samu fim ɗin da ke jira.

Wata Talata, lokacin rashin lafiyarta na ƙarshe ya fara, na kai mata wani da aka ƙare shi da mutuwar wata tsohuwa ita kaɗai a ɗaki, ba kowa a kanta. Da na zo wurin sai na kauce masa. Na ce ai sai ga ƙawarta ta shigo, ta zauna a bakin gado, ta riƙe mata hannu, tana yi mata faɗan ta ƙi shan kunu.

Hannun Rifkatu ya tsaya a kan faifai. Ta juyo da fuskarta inda muryata take, wushiryar nan a waje.

"Yaya, fim ɗin ne ya faɗa?"

Na ce, "Ɓare gyaɗarki."

Ranar da ta cika ina bakin gadon, da kofin kunu a hannuna. Suka yi mata waƙoƙinsu, ni na zauna a gefe da carbina. Jalo na cikin waɗanda suka haƙa kabarin. 'Yarta ta ba ni littafin Uwaliya, wanda ya sha mai, ashe ba ta taɓa mayar wa mai shi ba, saye ta yi ta ɓoye. Tsinken yana nan a shafin da yatsanta ya tsaya. Naja'atu ta ce in ina so ta karanta mini. Na ce ta bar shi, na san abin da ke ciki.